Hukuma Ta San Rumfarmu Ran Karɓa, Ran Bayarwa Sai Hanya Ta Ɓace Mata

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na Samaru da Sabon Gari, yau za mu ta da wata magana wadda manya suka fi so a bar ta kwance, watau maganar kullen da aka yi mana cikin shekarar 2020 saboda annobar korona, da taimakon da aka yi ta shela a rediyo wai an ba mu. Wani zai ce abin ya wuce, me ya kawo tone-tone? Gaskiya ne ciwon ya lafa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar ta-ɓaci a kansa ran 5 ga Mayu 2023. Amma mutane da yawa har yau jarinsu bai tashi ba, waɗansu suna nan suna fama da bashin da suka ci a lokacin, ikon rufe kasuwa kuwa yana nan hannun Gwamnati, ran da ta ga dama sai ta sake amfani da shi. Saboda haka wajibi ne mu zauna mu yi lissafi tun da sauran natsuwa.

Maganarmu guda ɗaya ce, ga ta kuwa a fili. Duk wanda hukuma ta ce ya rufe rumfarsa don lafiyar jama'a, hukuma ta ci bashinsa, sai ta biya shi diyya. Littafin da take bi ta karɓi kuɗin rumfa da tikiti da haraji kuwa, shi ne littafin da ya kamata ta bi ta biya.

YADDA AKA RUFE MU

Bari mu tuna wa juna yadda abin ya faru. An sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Kafin wata guda ya cika, ran 26 ga Maris, Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita dare da rana. Mataimakiyar Gwamna, Dokta Hadiza Balarabe, ita ta karanta sanarwar. Dokokin da aka dogara da su kuwa tsofaffi ne na zamanin Turawan mulki, ɗaya ta killace masu cuta ta 1926, ɗaya ta lafiyar jama'a ta 1917. Aka rufe kasuwanni da makarantu da masallatai da coci-coci, aka tsai da acaɓa da Keke Napep. Daga baya aka riƙa ɗaga mana ƙafa kwana biyu a mako don sayen abinci, aka mai da filayen waɗansu makarantu kasuwannin wucin gadi na kayan masarufi. Haka muka zauna kwana 75. Sai ran 9 ga Yuni Gwamna Nasir El-Rufa'i ya yi jawabin sassauta dokar, amma ko a ran nan ya ce kasuwanni da makarantu su ci gaba da zama a rufe.

Cikin kwanakin nan Ista ta zo ran 12 ga Afrilu ta wuce, azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, Ƙaramar Salla ta zo ran 24 ga Mayu. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. Lokacin nan ne mai atamfa da shadda, da tela, da mai takalma, da ɗan koli suke yin cinikin da zai riƙe su rabin shekara. Waɗansu sun riga sun saro kaya bashi tun kafin a rufe. Ɗan gwari kuwa ko wannan bai samu ba, gama tumatir da tattasai ba su jiran ranar da Gwamna zai buɗe gari, balle da zafin bazara.

Kada wani ya juya mana magana ya ce muna musun cutar. Cuta gaskiya ce. Gwamna da kansa ya kamu ran 28 ga Maris. Ta kashe Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ran 17 ga Afrilu, kuma duk mun ji irin yawan jana'izar da aka yi a Kano cikin watan nan. Likitoci da nas-nas na asibitin Shika da sauran asibitoci sun sai da ransu, Allah ya saka musu. Idan masana sun ce rufe gari shi ne rigakafi, mun yarda. Abin da muke tambaya shi ne, wa ya ɗauki nauyin rigakafin? Mai albashi ya zauna gida wata ya ƙare ya ji ƙarar waya. Har manyan ma'aikatan jiha da aka yanke wa kashi 25 cikin 100 na albashi don asusun yaƙi da cutar, masu ɗaukar Naira 67,000 zuwa sama, sun tsira da sauran kashi 75. Amma ɗan dako, da mai shayi, da mai ƙosai, da ɗan acaɓa, waɗanda sai sun fita da safe za a ɗora tukunya da yamma, su an yanke musu kashi 100 cikin 100, ba wanda ya ko tambaye su.

Wajen tsare doka kuwa hukuma ba ta yi kasala ba. An kafa shingaye, an kafa kotunan tafi-da-gidanka, an ci mutane tara. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto cikin Afrilu cewa a makonni biyu na farkon kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a ƙasa duka, 12 daga ciki a Jihar Kaduna, har da fursunoni, alhali a lokacin cutar kanta ba ta kashe adadin nan ba. Ashe hannun hukuma yana da tsawo, yana kaiwa kowane lungu in ta so.

ABIN DA AKA CE AN BAYAR

To, bari mu duba ɗaya hannun, na bayarwa. Gwamnatin Jiha ta ce ta ware Naira miliyan 500 don sayen abinci a raba wa marasa ƙarfi, Zariya da Sabon Gari suna cikin ƙananan hukumomin da aka fara da su. Miliyan 500 kuɗi ne mai daɗin ji a rediyo. Amma ko da ƙidayar 2006 muka yi lissafi, mutanen jihar nan sun haura miliyan 6, in an raba kowa bai kai Naira 85 ba. Zariya da Sabon Gari kaɗai a ƙidayar nan sun kusa mutum 700,000. Za a ce ai ba don kowa aka saya ba, don gajiyayyu ne. To, amma ai kowa aka rufe. Magidancin da yake ci da iyali goma daga teburinsa ran Laraba, ran Alhamis da aka rufe shi ya zama gajiyayye, sunansa kuwa ba ya cikin takardar kowa.

Gwamnatin Tarayya ita ma ta yi nata shelar. Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ce a ba gidajen da ke cikin rajistar matalauta kuɗi, aka riƙa ba su Naira 20,000, ya kuma ce a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Wannan a ƙasa mai mutum kamar miliyan 200 ke nan. Rajistar kuwa an rubuta ta tun kafin annoba, don haka ba ta san wanda annoba ta talauta ba.

Babban Bankin Nijeriya ya fito da Naira biliyan 50, daga baya aka yi ta ƙari, a ba magidanta da masu ƙananan sana'o'i ta hannun bankin NIRSAL. Abu biyu ya kamata kowa ya riƙe game da kuɗin nan. Na farko, rance ne mai ruwa, kashi 5 cikin 100 da farko. Sai daga baya aka buɗe ƙofar rance marar ruwa, bayan mutane da yawa sun ja da baya saboda addininsu. Watau an hana ka nema, sa'an nan an ce zo ka ci bashi ka ci abinci. Na biyu, ƙofar shiga ta intanet ce, sai mai asusun banki da lambar BVN, da wayar zamani, da wanda zai cika masa takarda da Turanci. Tsohuwa mai sai da daddawa da kuka a kasuwar Samaru, ina za ta bi ta shiga?

Cikin Yuni 2020 aka amince da wani babban shiri na Naira tiriliyan 2.3 ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo. A cikinsa aka ware biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i. Ba a buɗe ƙofar nema ba sai ran 21 ga Satumba, wata shida bayan an rufe mu, watau ihu bayan hari. Babban kason kuɗin na biyan albashin ma'aikata ne, Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku, amma sai ga mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni, mai ma'aikata a rubuce. A zaga layin 'yan hatsi da na mahauta da na 'yan gwanjo a Sabon Gari a ƙirga mana masu wannan takarda. Akwai wani kaso na masu sana'ar hannu da direbobi, Naira 30,000 sau ɗaya tak, ga mutum 333,000 a ƙasa duka, watau kamar 9,000 a kowace jiha. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, in an raba daidai kowace ba ta kai mutum 400 ba. Teloli da makanikai da 'yan acaɓa da ke tsakanin Kwangila da PZ kaɗai sun ninka haka. Waɗanda suka samu muna taya su murna, da babu gara ba daɗi, amma kada a kira ɗigo ruwan sama.

Sai kuma abincin da attajirai da bankuna suka tara ƙarƙashin ƙungiyar CACOVID, wadda su Alhaji Aliko Ɗangote suka jagoranta. Kowa ya ga abin da ya faru cikin Oktoba 2020, sa'ad da mutane suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da sauran garuruwa, suka iske buhuna jibge, har Gwamnatin Kaduna ta sake sa dokar hana fita. Ba mu goyon bayan wawaso, gama mai ƙarfi ne ke kwashewa, gwauruwa da tsoho su tashi a tutar babu, har rayuka su salwanta. Hukumomi sun ce jira suke yi kayan su kammala kafin a raba. Ko da haka ne, abincin da aka tara don yunwar Afrilu me yake yi a rumbu cikin Oktoba?

SAMARU DA MAKARANTU

Samaru ta sha nata kashi biyu. Kowa ya san gari ne da ya tashi a gindin gonar binciken aikin noma da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Ɗalibai su ne kasuwar Samaru. Mai gidan haya a Hayin Dogo da Ɗanraka, mai abinci, mai wanki da guga, mai buga takardu da ɗaure littafi, mai gyaran waya, direban bas da ke jigila tsakanin Samaru da Kongo da Sabon Gari, duk daga aljihun ɗalibi suke ci. Cikin Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu, ran 23 ga watan kuma ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki na sai abin da hali ya yi, saboda rigimarta da Gwamnati kan tsarin biyan albashi da alkawuran da ba a cika ba. Ba a janye ba sai ran 23 ga Disamba. Ɗalibai ba su dawo ba sai cikin Janairu 2021. Wata goma ke nan Samaru tana zaune kamar an yi shara. Da giwaye biyu suka gama kokawarsu, malamai suka zauna teburi da Gwamnati aka yi maganar albashin da aka riƙe musu, haƙƙinsu ne kuwa. Amma wa ya zauna teburi don mai tuwon bakin ƙofar jami'a? A 2022 aka sake wani yajin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, Samaru ta sake shan irin wannan, ba kuwa annoba.

Yaranmu na firamare da sakandare fa? Gwamnatin Jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin, wannan dabara ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Amma darasin rediyo yana son batir, na talabijin yana son wuta, dukansu kuma suna son yaron da cikinsa ba ya kuka. 'Ya'yan manya suka ci gaba da karatu da kwamfuta, namu suka ɗauki tallan da za a ci abinci. 'Yan ajin ƙarshe suka koma cikin Agusta don jarrabawa, waɗansu azuzuwa cikin Oktoba, sa'an nan aka sake rufewa cikin Disamba da cutar ta dawo. Duk mai 'ya'ya ya san yaran da tun daga nan ba su sake komawa aji ba, da 'yan matan da aka aurar.

Malaman makarantun kuɗi, waɗanda da ma albashinsu bai taka kara ya karya ba, sun yi watanni ba ko kwabo, gama iyaye ba su biya ba, mai makaranta ba shi da abin biya. Malamin Islamiyya haka. Malamin allo da ke dogara da kuɗin Laraba haka. Almajirai kuwa taimakon da suka gani shi ne mota. Gwamnonin Arewa suka shirya kowa ya mai da na wani jiharsu, aka yi ta lodin yara ana ƙetare iyaka da su a tsakiyar annoba, har aka sami masu ɗauke da cutar cikin waɗanda aka kawo Kaduna daga Kano.

Ga wani abin mamaki. Ma'aikatar jin ƙai ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Sadiya Umar Faruk, ta ce ta kashe sama da Naira miliyan 500 wajen kai wa 'yan makaranta abinci gida lokacin kulle, a Abuja da Legas da Ogun kaɗai. Kuɗin ya yi daidai da abin da aka ware wa gajiyayyun Jihar Kaduna gaba ɗaya. Matan da ke dafa wa 'yan firamare abinci a nan kuwa, da aka rufe makarantu sai tukunyarsu ta kife. Bayan duk wannan, cikin 2021, iyaye ba su gama farfaɗowa ba Gwamnatin Jiha ta ninka kuɗin manyan makarantunta, har da Kwalejin Nuhu Bamalli ta nan Zariya. Sai a 2023 Gwamna Uba Sani ya rage.

MAKAƊA DA MASU SANA'AR TARO

Akwai waɗansu bayin Allah da ba a ko ambace su ba, su ne waɗanda taron jama'a shi ne gonarsu. Da aka hana biki da suna da wasa, makaɗi ya rataye kalangu, maroƙi da sanƙira suka yi shiru, mai algaita da mai kakaki suka zauna. Mai hayar kujeru da rumfa, mai ɗaukar hoto, mai lalle da kitso, mai gidan kallon ƙwallo, 'yan dambe da 'yan wasan kwaikwayo, duk hanyarsu ta toshe. Ba a yi hawan Salla a Zazzau ba a Ƙaramar Sallar 2020. Mai kallo zai ce hawa ado ne kawai, amma bayan kowane doki akwai baduku, da maɗinkin babbar riga na cikin birni, da mai naɗin rawani, da mai sai da ciyawa da dusa, da mai fura da ke jiran baƙi.

Ministan Watsa Labarai da Al'adu na lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamiti cikin Mayu 2020 don duba halin da masu fasaha ke ciki, aka ba ɗan wasan barkwancin nan na Legas, Ali Baba, shugabanci. Kwamiti ya zauna ya rubuta rahoto. Muna roƙon duk makaɗin da ke Zazzau wanda rahoton nan ya sa masa hatsi a buhu ya zo ya gaya mana, za mu buga sunansa da murna. Ran da manya ke son a cika musu fili, ran kamfe ko ran buɗe wani gini, sun san gidan kowane makaɗi. A Ingila kuwa, cikin Yuli 2020, Gwamnati ta ware fam biliyan 1.57 don gidajen wasa da na tarihi da na kiɗa kada su mutu, bayan ta riga ta ɗauki biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar gida.

WAI BABU KUƊI

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce Ingila mai arziki ce, mu kuwa farashin man fetur ya faɗi a shekarar. To, mu bar Ingila mu dubi maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar Gwamnati ta ɗauke wa ƙananan masu amfani da wuta da ruwa kuɗin Afrilu da Mayu 2020. A Gana an ba da ruwan famfo kyauta wata uku tun daga Afrilu. Ƙasar Togo, wadda yawan mutanenta duka bai wuce na jiha guda a nan ba, ta fito da wani shiri mai suna Novissi cikin Afrilu 2020. Mai sana'ar da kulle ya tsayar sai ya danna 'yan lambobi a ƙaramar wayarsa, ba ruwansa da intanet, ya sa lambar katin zaɓensa, kuɗi su shigo masa ta waya. Mata ma an fi ba su, don an san su ke riƙe da tukunya. Togo ba ta fi mu kuɗi ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki littafin da take da shi a hannu, na masu zaɓe, ta bi shi.

Nijeriya kuwa ta karɓi rancen gaggawa na Dala biliyan 3.4 daga Asusun Lamuni na Duniya cikin Afrilu 2020. A nan gida, bisa ga lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuɗin shiga da Jihar Kaduna ta tara da kanta ya tashi daga kamar Naira biliyan 45 a 2019 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. A lura da kyau, a shekarar da aka rufe mu ne asusun ya ƙaru. Miliyan 500 ta abinci, in an auna ta da biliyan 50, kwabo ɗaya ke nan cikin kowace Naira. Kafin shekarar ta fita kuma hukumar tara haraji ta jiha ta yi shelar cewa daga 2021 kowane baligi zai riƙa biyan Naira 1,000 a shekara, kuɗin raya ƙasa.

Wannan shi ya kawo mu gindin magana. An ce wahalar raba taimako ita ce ba a san talakawa ba, ba su da rajista, ba su da adireshi. Haba jama'a! Yaron da ke yankan tikiti ya san kowane tebur da kowace tabarma a kasuwa, ko mai sai da goro ba ya kuɓuce masa. Mai karɓar kuɗin rumfa ya san wanda ya biya da wanda ake bi. A tasha an san kowace mota, ƙungiyar 'yan acaɓa ta san 'ya'yanta, Sarkin Pawa ya san mahautansa, mai unguwa ya san gidajensa. Gwamnatin da ta sake gina kasuwar Sabon Gari, har Shugaba Buhari ya zo ya buɗe ta cikin Janairu 2022, ta san yawan shagunan da ta gina da wanda ke cikin kowane. Littafi yana nan. Ran karɓa ake buɗe shi, ran bayarwa a rufe shi a ce mu tafi intanet. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu san ranar da wata annoba za ta sake zuwa ba, ko ta numfashi, ko sanƙarau, ko amai da gudawa, ko wata fitina da za ta sa a ce kowa ya shiga gida. Tun ran gini ake zane. Ga abin da muke nema daga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da Gwamnati da ƙananan hukumomin Sabon Gari da Zariya.

Na ɗaya, a yi doka a rubuce cewa duk umurnin da zai rufe kasuwa ko tasha ko makaranta fiye da mako guda, a cikin takardar umurnin za a faɗi diyyar da za a biya da ranar fara biya. A kuma riƙa ware wani kaso na kuɗin shiga kowace shekara a ajiye don wannan.

Na biyu, a biya ta littafin tikiti da na kuɗin rumfa da na ƙungiyoyin sana'a, layi layi. A kafe sunaye a ƙofar kasuwa, a karanta su da Hausa a gaban jama'a, don wanda aka tsallake ya yi magana, wanda aka cusa kuma a gan shi. Kada a ba ɗan siyasa ko wane iri ne rabo ya kai mazaɓarsa, namu ko nasu.

Na uku, kwanakin da kasuwa ke rufe kada a bi kowa kuɗin rumfa ko tikiti ko haraji, kada kuma a tara masa su ya biya daga baya.

Na huɗu, abin da za a ba mai tebur da ɗan dako ya zama diyya. Rance a bar wa mai babban jari da ya nema da kansa. Hanyar karɓa kuma ta zama wadda ƙaramar waya za ta iya, ko hannu da hannu a gaban shaidu.

Na biyar, a sa malaman makarantun kuɗi da na Islamiyya da na allo, da mata masu dafa abincin makaranta, da makaɗa da sauran masu sana'ar taro cikin lissafi tun farko. Masu sana'ar da ke kewaye da jami'a kuma a tuna da su duk ran da aka rufe ta.

Na shida, a buga lissafin 2020 gunduma gunduma, buhu nawa aka kai Samaru, nawa Muciya, nawa Cikaji, nawa Hanwa da Basawa, wa ya sa hannu ya karɓa. Mai gaskiya ba ya tsoron a buɗe littafinsa.

Mun san waɗansu 'yan'uwa za su ji tsoro su ce, in muka ba da sunayenmu ai haraji za a ƙara mana. Tsoron yana da dalili. Amma ku duba, wajen karɓa an riga an san ku, ba abin da ya rage a ɓoye. Abin da ya rage shi ne sanin ya yi muku amfani ku ma.

Mu kuma akwai namu aikin, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya adana rasit ɗin duk abin da ya biya, ko na Naira 50 ne, shi ne shaidarsa gobe. Kowane layi a kasuwa ya sami littafinsa, da sunan kowa da sana'arsa da lambar wayarsa, har da mata masu talla a bakin hanya da yaran shago, a ajiye kwafi wurin mutum biyu amintattu. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su kai wannan magana a rubuce ga kansila da ciyaman da ɗan majalisa, su karɓo amsa a rubuce, su karanta mana a taro. Ran da mai neman ƙuri'a ya shigo kasuwa da makaɗa da 'yan rakiya, kafin a tafa masa a tambaye shi a gaban kowa: in an sake rufe mu, nawa za ku biya, ta wane littafi, a wace rana? In ya amsa a rubuta, in ya yi kame-kame a rubuta, a ajiye har ranar zaɓe.

Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan annoba, ya ji ƙan waɗanda suka rasu cikinta, ya mayar wa kowa abin da ya yi hasara, amin.